Fuskar Inna a Hannun Tsohon Italiya

Rigima ce ta haɗa ni da shi. A shekarun tamanin ina aikin jinya a wani asibiti cikin Washington, ina zaune a hawa na tara na ɗaya daga dogayen benayen nan na yammacin Alexandria, wani gari dab da Washington, inda ƙofofi suke jere iri ɗaya, mutum ya shekara bai san muryar maƙwabcinsa ba. Ƙofar da ke kallon tawa ce kaɗai ta fita daban, ita ma saboda wari. Wani wari mai hawa kai, ɗan'uwan na kananzir, yake fitowa ta ƙarƙashinta safe da yamma. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. A asibiti ƙananan likitoci kewaya ni suke yi idan sun ga na ɗaure fuska. Wata Asabar na dawo daga aiki a gajiye, warin ya tare ni tun daga bakin lif, na wuce kai tsaye na buga ƙofar da tafin hannu, bakina cike da magana.

Wani tsoho ne ya buɗe, gajere, kansa fari fat, rigarsa duk ɗigon fenti. Da saurayi ne da na wanke shi tas. Amma ina ganin furfura sai tarbiyya ta riga ni, na sunkuyar da kai, na shiga gaishe shi kamar abin da ya kawo ni ke nan. Daga ƙarshe dai na ambaci warin a hankali. Ya ce man da yake wanke buroshinsa ne. Sannan cikin Turancinsa, wanda ya fi nawa karyewa, ya tambaye ni ko ni ce mai dafa abin nan da ke wari kamar an manta da takalmi cikin ruwa. Daddawata yake nufi. Na haɗiye, na ce ya yi haƙuri.

Ya ce, "'Yata, me kike nema a takalmina? Fuskata tana nan sama."

Washegari na kai masa tuwo da miyar kuka don ya san abin da yake zagi. Ya cinye har da sharce kwano, ya dawo mini da kwanon cike da taliya. Tun daga nan nake kiransa Baba.

Mutumin Italiya ne, daga wani ƙauye na kan duwatsu a kudancin ƙasar. Ubansa magini ne. Shi kuma tun yana ƙarami aka ba da shi ga wani mai gyaran zanen rufin coci, ya yi shekaru yana niƙa launi kafin a yarda ya riƙe buroshi. Bayan babban yaƙin duniya, maza da yawa na yankinsu ba su dawo ba, kuma talakawa ne, yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Sai mata suka riƙa zuwa wurinsa da ƙwai ko tulun mai, suna roƙon ya zana musu mazajensu da 'ya'yansu daga abin da suka tuna. Da wannan ya yi suna a ƙauyuka uku ko huɗu. Da yunwa ta yi yawa ya hau jirgin ruwa ya taho Amurka yana zaton nan ma za a san shi. Ba a san shi ba. Ya rubuta allunan shaguna, ya zana teku da jiragen kwale-kwale a bangon gidajen abinci, ya sabunta fentin gumakan waliyyai a coci-coci. Bangon da ya fi alfahari da shi, a wani gidan abinci cikin Washington, ya je wata rana ya tarar sabon mai gidan ya shafe shi da farin fenti. Daga baya ya samu koyarwa a wata kwaleji, ajin yamma, ya yi shekaru a can har suka sallame shi da kyautar agogo. Matarsa ta rasu, ɗansu ɗaya yana can wata jiha mai nisa. Lokacin da na san shi, abin da ya rage masa shi ne ajin Asabar a ɗakin taro na ƙasan beninmu, inda tsofaffin ma'aikatan gwamnati suke zana kwanon lemo.

Ni ma ya ja ni ajin. Ban iya komai ba, lemona kullum kamar ƙwallon yara yake fitowa. Shi kuwa faɗa ne da shi kamar me. Ya tsaya bayan mutum yana huci, yana cewa, "Ba ki kalla ba! Kin san lemo ne, shi ya sa ba ki kalla ba!" Matan ajin suna son faɗan nasa, har kwalliya suke yi masa. Ni ce dai nake lura, da idon ma'aikaciyar jinya, cewa hannunsa na dama ya fara rawa, kuma yana kai takarda dab da hancinsa kafin ya ga abin da ke ciki.

A shekara ta biyu da saninmu wasiƙa ta zo daga gida, da rubutun autarmu. Inna ta rasu. Kafin wasiƙar ta iso hannuna an yi makonni da binne ta. Tafiya gida ba ta yiwuwa, takarduna suna hannun hukuma, idan na fita ba lallai in dawo ba. 'Yan cocinmu suka shirya mini zaman makoki a Lanham, can wajen Washington, a gidan wata matar da muka fito gari ɗaya. Ana jera kujeru ta ce mini, "Sista, kawo hoton Mama mu ɗora a tebur, haka ake yi a nan."

Na ce babu.

"Ko ɗan fasfo?"

Na ce babu. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Idan mai hoto ya zo ƙauyenmu lokacin Kirsimeti, ɗaki take shigewa har sai ya tafi. Aka ɗora fure da kyandir a teburin, aka yi waƙoƙi, aka ci shinkafa. Ni ina zaune ina ƙoƙarin kawo fuskarta a raina, abin yana gagarata.

Ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa nata ƙauyen, daga can sai makarantar kwana, daga nan sai makarantar jinya. Idan na zo hutu na durƙusa gaishe ta, ni ina kallon ƙasa, ita tana kallon bango, gefen mayafinta a bakinta. "Ke, an zo lafiya?" Shi ke nan. Ban taɓa shakkar tana sona ba, don ƙullin gyaɗa da kuka da nake tararwa cikin akwatina ba aljanu suke sawa ba. Na san ƙafafunta, na san faso a dugaduganta, na san yadda take riƙe muciya. Fuskarta kuwa sau ɗaya na gan ta sosai. Ranar da zan taho Amurka ba ta raka ni tasha ba, ba a yin haka. Amma da motar ta zagayo ta bayan gidanmu, sai ga ta tsaye kusa da rumbu, kanta ya ɗara danga, tana kallona kai tsaye, babu mayafi a baki. Ƙiftawar ido ne, mota ta wuce. Wannan kallon shi ne duk abin da na mallaka, kuma ina jin yana dushewa.

Baba ya ga ban zo aji ba makonni biyu, ya ƙwanƙwasa mini. Da na gaya masa, ya cire hularsa, ya zauna. Da na kai batun hoto sai ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya ce ai wannan aikinsa ne, aikinsa na gaskiya, wanda bai yi ba tun da ya bar ƙauyensu. Idonsa har ƙyalli yake yi. Ya ce, "Ba a taɓa kawo mini mamaci na kasa dawo da shi ba. Ko sau ɗaya."

Ya bayyana mini yadda ake yi. Zai zana, ni kuma aikina ɗaya ne, in ce a'a. Ya ce ba wanda ya iya kwatanta fuskar wanda yake so, amma kowa ya san abin da ba ita ba. Shi zai yi ta kawo hanci, ni in yi ta ƙi, har mu faɗa kan na gaskiya. Ya ce akwai matar da ta yaga masa takarda fiye da yadda zai iya tunawa, ta zage shi, ta zagi ubansa, kuma nata hoton ne ya fi kowanne kyau. Alamar an gama ita ce kuka. Ranar da mai mamaci ya fashe da kuka, sai ya ajiye buroshi.

Muka fara ran Lahadi da rana bayan na dawo coci, a falonsa, kusa da taga saboda idonsa. Ya ɗauki gawayi, hannun na rawa, ya riƙe wuyan hannun da ɗayan. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya fitar da goshi da idanu. Ya juyo mini da takardar, yana haki kamar wanda ya hau bene.

Ba idanun Inna ba ne. Na san haka nan take, a cikin cikina na ji. Amma ga tsoho sa'an kakana, ya sha wahala saboda ni, yana kallona yana jira. A gidanmu ba a ce wa babba aikinsa bai yi ba. Ko tuwo kakata ta tuƙa ya yi gudaji, cewa ake ya yi daɗi. Bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ya yi, Baba. Sannu da aiki."

Ya ɗaga gira. "Tun a karon farko?"

Na ce ya yi kama. Ya yi dariya, ya ce ashe hannun bai mutu ba.

Na gaya wa kaina mako mai zuwa zan gyara. Mako mai zuwa ya kawo hanci, ya ɗora shi a ƙarƙashin idanun da na riga na amince da su. Yanzu idan na ce a'a, sai na koma na ce na yi masa ƙarya tun farko. Kuma gaskiyar ita ce, ko na ce a'a, ban san inda zan nuna masa ya nufa ba. Yana tambayata, idan ta yi dariya, me ke fara motsi, ido ko baki? Ban taɓa ganin dariyarta ba, daga bayan ɗaki kawai nake jiyo ta. Kunya ta hana ni faɗa. Yaya zan gaya wa mutumin da yake sumbatar hoton uwarsa kowace safiya cewa ni ban san fuskar tawa ba? Zai ɗauka ba ma son juna. Sai na ce ido. Wani lokaci yakan tsaya ya ƙura mini ido, ya ce 'ya'ya mata suna ɗauke da uwayensu a haɓa, ya ari haɓata. Ni da nake tsayar da likita a tsakiyar ɗakin marasa lafiya in ce masa ya rubuta magani ba daidai ba, na zauna wata da watanni ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa.

Shi kuwa aikin ya tashe shi. Ya daina ƙorafin gwiwa. Ya sayi sabon yadin zane, ya ɗaure a katako da kansa, ya koma fenti. Ya yi kwanaki yana haɗa launin fata, yana kai buroshi kusa da hannuna yana gwadawa, yana masifa cewa shekara da shekaru yana koyarwa ba wanda ya taɓa gaya masa baƙar fata tana da shuɗi da ja a ciki. Ya ba 'yan ajin Asabar labari. Da safe kawai yake iya aiki, kafin rawar hannun ta tsananta. Na sha ganin ya ɓata wuri da kuskure, ya kankare, ya sake. Kowane mako bashin gaskiyar da ke wuyana yana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara kasa sauke shi.

Ranar da ya gama, ya rufe zanen da zanin gado, ya zaunar da ni, ya yaye. Wata dattijuwa ce kyakkyawa, da ɗankwali irin wanda na kwatanta masa, tana kallona da tausayi, bakinta a rufe. An yi aiki, wallahi an yi aiki. Kamar ta yi magana. Ban taɓa ganinta ba a rayuwata. Kunya da baƙin ciki suka taso mini lokaci guda, na fashe da kuka har da shessheƙa. Baba ya ajiye buroshin da ke hannunsa a hankali. Shi ma hawaye yake yi. Ya ce, "Kin gani? Ko sau ɗaya."

Na rataye ta a falona, don yana shigowa, kuma idan bai gan ta ba zai tambaya. Na ɗauke ta hoto na aika wa autarmu da sanin Baba, ina ɗan fatan ko ni ce na manta, ko tsohon ya dace ba mu sani ba. Auta ita ce ta kwana a jikin Inna har ta yi wayo, ita ta san kowane layi na fuskarta. Amsa ta ɗauki fiye da wata. Bayan gaisuwa ta rubuta: "Yaya, hoton da kika aiko na wace ce? Mun zagaya da shi har gidan Kawu, ba wanda ya gane ta. Wasu sun ce ta ɗan yi kama da ke. In Inna kike nufi, ina tsagar gefen bakinta, ina wushiryarta?"

Ban san Inna tana da wushirya ba. Ina da shekara talatin da wani abu, a tsaye gaban akwatin wasiƙu na ƙasan bene, na fara jin haka.

Abin da ya fi wannan muni a hankali na gano shi. Na sauke zanen na juya shi ya kalli bango, na zauna na rufe ido, na koma cikin motar nan, muka zagayo bayan gida. Ga rumbu, ga danga, ga mace tsaye. Ta ɗago ta kalle ni, sai ga matar da Baba ya zana. Na sake, na sake. A jirgin ƙasa na gwada, a wurin aiki na gwada, ita ce dai take ɗagowa, da idanun da na ce sun yi. Watannin da na yi ina kallonta tana fitowa gaɓa-gaɓa sun danne ƙiftawar ido ɗaya da nake da ita. Na yi fushi da kowa. Na yi fushi da Inna da mayafinta, da kakata da ta koya mini kallon ƙasa, da tsohon da ya yarda da ni da sauƙi haka. Na fi fushi da kaina, kuma fushin bai dawo mini da komai ba. Na rubuta wa auta ta kwatanta mini fuskar dalla-dalla. Ta amsa cewa, "Ai kin san Inna, Yaya, kamar dai yadda take."

Na yi ta ɗaga ranar da zan gaya masa. Kafin in samu ƙarfin hali, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya kama ɓangaren dama. Ɗansa ya zo ya kwashe ɗakin cikin kwana uku, ya sa uban a wani gidan kula da tsofaffi a wajen gari, ya koma. Ranar hutuna na shiga jirgin ƙasa, na sauka na hau bas, na je.

Na same shi a keken marasa lafiya gaban taga, an yi masa aski irin wanda ba zai taɓa yarda da shi ba. Bakinsa ya karkace, amma ana gane maganarsa idan an matso. Na gyara masa matashi, na duba ko yana da gyambon kwanciya, na yi wa wata ma'aikaciya faɗa a kan farcensa da ba a yanke ba. Duk ina gudun zama ne. Da na zauna, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ƙanwarki, me ta ce?"

Amsar da na saba tana bakina, a shirye. Zai ji daɗi, kuma ba wanda zai taɓa sani. Amma na gaji. Na ɗaga kai na kalle shi cikin ido, na ce, "Baba, ba ita ba ce. Tun idanun farko ba ita ba ce. Na ji nauyinka ne na ce ya yi." Na gaya masa komai, har da 'yar fari, har da mayafi, har da wushirya, har da matar da yanzu take tsaye a bayan dangarmu.

Na zaci zai yi kuka ko ya kore ni. Sai ya yi wani ƙara a maƙogwaro, wanda na san a da faɗa ne. Ya ce, "Wawuya." Ya nuna aljihun tebur da haɓarsa. Akwai takardar zaɓen abinci da fensir a ciki. Ya sa na juya bayan takardar, na danne masa ita a kan tire, na saƙa masa fensirin a hannun hagu. Ya ja layi, ya kuɓuce masa, ya sake. Da ƙyar ya haɗa zagayen fuska, a karkace, sannan ya sa ɗigo biyu inda idanu za su zauna, ya fara ja musu gira. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya turo mini takardar da yatsa.

Ya ce, "Yanzu ki ce a'a."

Na kalla. Na kalla da gaske, yadda ya yi shekara biyu yana mini faɗa in yi. Na nemi abin nan da na ji a cikina ranar farko, wanda ya gaya mini ba ita ba ce. Babu shi. Girar nan tana iya zama tata, tana iya zama ba tata ba.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce in sake dubawa. Na sake. Fensirin yana hannunsa, yana jira, ni ma ina riƙe da gefen takardar don kada ta zame. Muna nan a haka aka turo masa abincin rana, ma'aikaciyar ta ce tana bukatar tiren.